Likita ya ce in motsa jiki, tattakin kuma yana kayar min da suga: ku ya kuke yi?

Baba_Aboabo
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu ciwon suga da ke motsa jiki, da ma'aikatan lafiya in akwai su a nan. Shekaruna 58, tela ne ni a Aboabo da ke Kumasi, wuni nake a zaune kan keke. Likita ya daɗe yana yi min faɗa kan tumbi, shi ya sa na shiga cikin masu tattakin safiyar Asabar. Daga sallar asuba muke tashi, mu taka har filin wasa na Baba Yara, mu zagaya, mu dawo. Wannan Asabar ɗin, a hanyar dawowa, ƙafafuna suka kama rawa, zufa mai sanyi ta jiƙa min riga, idona ya soma ganin hazo-hazo. Wani yaro ya riƙe ni muka shiga kemis, aka gwada sugana aka ga 3.4. Sai da na sha minaral hankalina ya dawo. To yanzu gaba kura baya sayaki: in zauna suga ya hau, in fita ya faɗi. Ku ya kuke yi? In haƙura da tattakin ne?

Ummu_Sawaba
Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya ƙara kiyayewa Baba.

Dan_Asawase
Kawu, gaskiya ka bar wa yara wannan tafiyar. Tun daga Aboabo har filin wasa a ƙasa, ga ciwo a jiki? Zuwa masallaci sau biyar a rana ma ai motsa jiki ne.

Hajiya_MaiWaakye
Ɗan Asawase, masallacin da ke bakin ƙofarsa? Kar ka kashe masa gwiwa. Malam, tambaya ɗaya zan yi maka: ka sa wani abu a ciki kafin ka fita ko kuwa?

Sista_Tafo
Sannu Baba, Allah ya ƙara afuwa. Ni nas ce. Kafin kowa ya ba ka shawara, ɗauko kwalin maganinka ka rubuto mana sunayen yadda suke a jiki, da lokacin da ka sha su ran nan. Amsar tambayarka a can take.

Baba_Aboabo
Na gode 'yata. Akwai babba, metformin 500, akwai kuma ƙarama, glibenclamide 5. Na kora su da ruwa da na idar da salla, da niyyar in na dawo in sha koko da ƙosai. Hajiya, kin ji amsarki ke nan, ban ci komai ba. Masu tattakin duk haka suke fita, wai kitse ya fi narkewa in ciki babu komai.

Sista_Tafo
To Baba, ga inda gizo ke saƙar. Magungunan nan biyu aikinsu ba ɗaya ba ne. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga ƙasa da kima, domin babban aikinsa shi ne rage sugan da hanta ke sakowa cikin jini. Glibenclamide kuwa tilasta wa jiki yake ya fitar da insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, kuma ƙarfinsa na iya kaiwa wuni da kwana. Haka danginsa, gliclazide da glimepiride, sai dai su sun fi shi sauƙi a wannan fannin.

Ga abin da ya faru a jikinka. Tsoka in tana aiki, tana zuƙar suga daga jini da kanta, ko ba insulin sosai. Mai lafiya in ya fara tafiya, jikinsa na rage insulin, hanta kuma ta buɗe rumbunta ta sako suga, sai lissafi ya daidaita. Kai kuma ƙwayar ta hana insulin ya ragu, insulin ɗin ya hana hanta sakowa, tsoka na ta ja, ciki kuma babu komai tun tuwon dare. Abokan tafiyarka da ba sa shan wannan magani za su iya fita da yunwa, kai ban da kai.

Duk abin da ya yi ƙasa da 3.9 faɗuwar suga ce. Ƙasa da 3.0 kuma abin ya yi tsanani, a nan mutum ke fara ruɗewa. Kar ka daina tattaki, kuma kar ka rage magani da kanka. Ƙwayar nan tare da abincin safe ake shanta. Ka koma wurin likitanka ka faɗa masa lambar nan ta 3.4 da yadda aka yi, shi zai duba ko a rage, ko a sauya maka da wani. Ka tambaye shi gwajin ƙoda ma, don in ƙoda ta yi rauni glibenclamide na daɗewa a jiki.

Bakon_Hamburg
Ni a nan Jamus, abin da likitana ya ce shi ne kar in fara gudu in mitar gwajin suga ta nuna ƙasa da 90, in kuma ta kai 70 in tsaya in sha wani abu mai zaƙi nan take.

Ummu_Sawaba
70?! Innalillahi. Mamanmu da ta kai 22 kwantar da ita aka yi a asibitin Gee, wato Komfo Anokye na Kumasi. Ya za a yi mutum ya kai 70 kuma a ce ya ƙara shan zaƙi?

Ticha_Yalwa
Ummu, kwantar da hankalinki, ma'aunin ne ya bambanta. Mu a Ghana asibitocinmu da mmol/L suke aiki, mitarsa kuma mg/dL take nunawa, irin ta Amurka. Ki raba lambarsa da 18. 70 ɗinsa shi ne 3.9 ɗinmu, 90 kuma 5.0. 22 ɗin Mama a mitarsa wajen 400 ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da yawa cikinmu 'yan uwa ne ke aiko mana da mita daga waje. Na san gidan da aka aiko wa tsohuwa mita daga Amurka, ta nuna 65, jikokin suka ɗauka suga ne ya yi mugun hawa suka hana ta abinci, alhali faɗuwa ya yi. Kowa ya duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar.

Bakon_Hamburg
Haka ne Ticha, na gode da ƙarin bayani. Tawa mg/dL ce.

Hajiya_MaiWaakye
Ku kuna maganar filin wasa, ni filin wasana bakin murhu ne. Tun ƙarfe uku na dare nake tashi. Wankin shinkafa da wake, ɗora tukunya, sauke tukunya, tuƙa shito, ɗibar ruwa. Allurar insulin ta Mixtard nake yi safe da yamma. Da farko in na yi ta safe sai ciniki ya ɗauke min hankali, layi ya yi tsawo, wannan na cewa a ƙara talia, wancan na cewa a sa ƙwai da wele, har goma ta wuce ban sa loma a baki ba. Abinci a gabana kuma yunwa na neman kayar da ni. Alamar tawa ba rawar jiki ba ce, lissafin canji ne ke ɓace min. In aka ba ni sidi hamsin na tsaya ina kallon kuɗin, yarinyata ta san abin da ke nan, sai ta miƙo min sobolo mai sukari ta zaunar da ni. Yanzu doka ce, in na yi allura sai na ci kafin a buɗe tukunya wa kowa. Mata 'yan uwana, daka sakwara da wanki da talla duk motsa jiki ne, jiki bai san bambancinsu da tattakin Malam ba.

Sista_Tafo
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da muke fama da mutane a kansa. Insulin da aka riga aka yi allurarsa ba ya komawa, sai dai a biyo shi da abinci. Ƙari ɗaya ga masu allura: in za ku yi tafiya mai nisa ko gudu, kar ku yi ta a cinya. Tsokar da ke aiki jini na gudu a cikinta, insulin ɗin sai ya shiga da sauri fiye da yadda aka saba. Fatar ciki ta fi a irin wannan ranar. Zafin rana ma na ƙara masa sauri.

Striker_Aboabo2
Bari in kawo nawa, don ya saɓa da na Baba. Ni nau'i na ɗaya ne da ni tun ina ƙaramar sakandare, kuma ina buga ƙwallo. Abin da ya daɗe yana ɗaure min kai: in shiga wasa da 7, in fito da 12 ko 13. Ashe wasa mai zafi, gudu da tsayawa da tashin hankalin gasa, yana sa jiki ya saki sinadaran da ke tura hanta ta zubo suga. Sai mutum ya ga lamba ta hau ya ƙara allura. Can wajen biyun dare kuma ya farka jiƙe da zufa, zuciya na dukan tara-tara. Domin bayan wasa tsoka na ci gaba da jan suga tana mayar da abin da ta ƙona, awanni da yawa, wani lokacin har washegari. Ni faɗuwar dare ta fi ba ni tsoro kan ta fili, don a fili akwai mutane. Yanzu ranar wasa sai na gwada kafin in kwanta, in na ga lambar ba ta yi min ba in ci burodi da gyaɗa, kuma ni da likitana mun tsara yadda allurar daren ranar wasa za ta kasance. Baba, kai ma ka riƙa lura da yammacin Asabar, ba hanyar dawowa kaɗai ba.

Dan_Asawase
To kun gani. Faɗuwa da rana, faɗuwa da dare. Ni dai har yanzu ban ga ribar wahalar nan ba.

Ticha_Yalwa
Ɗan Asawase, ribar ita ce abin da zama ke jawowa: ƙafa, ido, ƙoda, hawan jini. Ka leƙa asibitin masu suga a Gee ranar ganin likita ka gani da idonka. Abin da ake so shi ne minti 150 a mako, a rarraba shi, kar a wuce kwana biyu a jere ba motsi. Ni inda nake ganin matsalar tsarin Baba shi ne tara komai a rana ɗaya. Kwana shida a kan keken ɗinki, rana ɗaya tafiyar awa biyu. Minti talatin kullum ya fi sauƙin lissafi.

Striker_Aboabo2
Wani abin da ya taimake ni shi ne sensa, FreeStyle Libre. Faifai ne ɗan ƙarami da ake mannawa a bayan damtse, yana kwana 14, kana ganin lamba a waya. Amfaninsa ba lambar kaɗai ba ce, akwai kibiya. 6 da kibiya a kwance daban, 6 da kibiya ta kalli ƙasa daban. Na biyun in ka shiga fili da shi ba za ka gama rabin lokaci ba. Ana wanka da alwala da shi. Matsalata zufa ce, sai na ƙara filasta a kai in ba haka ba ya ɓalle.

Yaro_Pragya
Striker, kai wa ke saya maka? Mu tsinken gwaji ma sai mun yi lissafi. Katin inshora na ba ni metformin da gliclazide, amma tsinke da aljihuna nake saya, kuma duk sanda dala ta motsa shi ma ya motsa. Ka ce in manna abin da kuɗinsa ya kai cinikina na kwanaki, bayan sati biyu in cire in yar?

Striker_Aboabo2
Yayana ne ke aiko min, kuma ba kullum nake da shi ba. Ban ce dole ba ne Yaya, labarin abin da na gani na bayar.

Sista_Tafo
Kowannenku na da gaskiya. Game da sensa, a san cewa ba jini yake aunawa ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, kuma wannan ruwan na bin bayan jini da minti biyar zuwa goma sha biyar. Lokacin gudu, da suga ke sauka da sauri, tazarar na iya fin haka. Waya za ta ce 5.5 alhali jini ya riga ya kai 4. In jikinka ya ce wani abu sensa ya ce wani, huda yatsa. Kuma in ka kwanta a kan hannun da yake, yana iya nuna faɗuwar ƙarya.

Yaro_Pragya, ga yadda za ka yi da tsinke kaɗan. Maimakon ka ƙone su duk a gwajin safe kullum kana ganin lamba kusan iri ɗaya, ware wasu don ranar motsa jiki: ɗaya kafin fita, ɗaya da dawowa, ɗaya kafin barci. Rubuta su a littafi da abin da ka ci da tsawon tafiyar. In ka yi haka 'yan lokuta za ka san nawa wannan tafiyar ke cire maka, sai ka rage yawan gwajin. Ga mai allura ko mai shan irin ƙwayar Baba: ƙasa da 5.0 kar a fara sai an ci abu mai suga an sake gwadawa. Tsakanin 5 da 7 a ɗan sa wani abu a ciki. Daga 7 zuwa 10 shi ne wurin da ya fi daɗin farawa. In ya haura 14 ko 15, musamman mai nau'i na ɗaya, ko jiki ba daɗi, a dakata a duba kiton, sinadarin da ke taruwa in jiki ya rasa insulin, a fitsari ko jini tukuna. Kai kuma da ke tuƙa mutane, kar ka hau pragya, wato keke napep ɗinka, da ƙasa da 5.

Mma_Fulera_Tafo
Ni duk ban yarda da yawan ƙwayoyin nan ba. Ruwan shuwaka da garin zogale nake sha kullum da safe, ga ganyen darbejiya. Malam ka gwada, ka huta da faɗuwa.

Hajiya_MaiWaakye
Mma, da shuwaka na warkar da suga da ba a ga mai ciwon ba a Kumasi, don miyarta muke sha tun muna yara.

Sista_Tafo
Mma, zogale a miya ko a kwaɗo abinci ne mai kyau, ban hana ba. Amma jiƙo da tsimi ba wanda ya san ƙarfin kofi ɗaya, na yau daban na gobe daban. Matsalar Baba suga ne ya yi ƙasa. In jiƙon na rage suga kamar yadda kike cewa, to ƙara masa zai yi. In ba ya ragewa kuma ya bar maganinsa saboda shi, wata matsalar ce. Duk mai sha dai ya faɗa wa likitansa, kar ya ɓoye.

Mma_Fulera_Tafo
To, kowa da abin da ya karɓe shi.

Nana_Nima
Gaisuwa daga Accra. Ina so in yi magana kan waɗanda ke kusa da mai ciwon, don abin ya faru a gidanmu. Babanmu na cikin masu hawan dutsen Aburi ranar Asabar, daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Wata rana ya dawo lafiya lau, ya yi wanka ya kwanta bai ci ba. Da azahar aka je tashinsa, ido a buɗe amma magana ba ta fita daidai, yana ture mutane, mutumin da ko tsawa ba ya yi. Wata maƙwabciya ta ce iska ce a kawo hayaƙi, wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Kafin a ankara ya sume. Gwaggona ta ɗauko madara za ta ɗura masa, Allah ya sa ƙanena da ke karatun aikin jinya yana gida ya riƙe hannunta. Ya juya shi ya kwantar da shi a gefe, muka sa shi a tasi. A asibiti ruwan suga suka sa masa ta jijiya, cikin mintuna ya buɗe ido yana tambayar me ya kawo shi nan. Suka riƙe shi ya kwana, don sun ce ƙwayar da yake sha na iya sake kayar da shi. Don Allah, wanda ya sume ko ba ya iya haɗiya, kar a zuba masa komai a baki, huhu zai tafi. A kira 112 ko 193, ko a nemi mota.

Ummu_Sawaba
Allahu akbar. Wallahi da ni ce madarar zan ɗura. Na gode Nana.

Bakon_Hamburg
A nan ana ba masu allura glucagon, maganin da ke ɗaga suga cikin gaggawa, su ajiye a gida don irin wannan, akwai na allura akwai na fesawa a hanci. Ku tambaya ko ana samu.

Malam_Akwatialine
Tunda an zo nan, bari in taɓo azumi, don na san dattawan da ke azumin Litinin da Alhamis kuma suna fita tattaki. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi, ɗigon jini ne, ba ci ba ne ba sha ba. Allah kuma ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, a azumin farilla ma, balle nafila. Ƙa'idojin da likitoci suka fitar kan ciwon suga da Ramadan, na ƙungiyoyin IDF da DAR na 2021, sun ce in suga ya yi ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6 a karya, ko saura kaɗan a sha ruwa. Mai son motsa jiki a Ramadan ya bari sai bayan buɗa baki. Tarawihi ma da tsayuwarta da ruku'u da sujada ana lissafa ta.

Dan_Asawase
Malam, a karya saura minti goma? Ai mutum sai ya daure.

Malam_Akwatialine
Ɗana, minti goma ya ishi mai 3.0 ya faɗi a sahu. Ranar ana rama ta.

Yaro_Pragya
Mu koma kan maganar Baba. Me ya kamata mutum ya riƙe a aljihu? Ni cakulan Kingsbite nake ajiyewa a pragya, rana ta narkar da shi.

Striker_Aboabo2
Cakulan da FanIce ba su da sauri, maiƙon da ke ciki na riƙe sugan a ciki. Giram 15 ake so na abin da ke shiga jini nan da nan: rabin kwalbar Coke ta gilashi, amma ba mara sukari ba, ko cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma. Ka zauna minti 15, ka sake gwadawa. In bai haura 3.9 ba ka maimaita. In ya haura, ka bi shi da abinci na gaske, in ba haka ba zai sake sauka. Ni sukari mai ƙwaya nake ƙullewa a leda in sa a safa.

Hajiya_MaiWaakye
Ni dabino. Ba ya narkewa, ba ya zubewa, kuma ba wanda zai kalle ka don ka ciro dabino a hanya. Abin da ke da wuya shi ne tsayawa a 15 ɗin nan. Yunwar faɗuwar suga ba ta da kunya. Za ka sha Malta guda, ka bi da burkina, ka ƙara da ƙosai, da yamma mita ta nuna 18 ka rasa wa za ka zarga.

Sista_Tafo
Dabino na aiki Hajiya, sai dai sukari ko minaral sun fi shi sauri in abin ya yi ƙasa sosai. Abu biyu da ban ga an ambata ba. Na farko, wanda ya daɗe da ciwon, ko sugansa ke yawan faɗuwa, alamun na iya dusashewa har ya kai 2 da wani abu bai ji komai ba. Masu shan atenolol ko propranolol ma bugun zuciya da rawar jiki na iya ɓoyewa, zufa kaɗai ke saura. Irin waɗannan ba za su dogara da "ina jin jikina" ba. Na biyu, kafin gwaji a wanke hannu da sabulu a shanya. Wanda ya ɓare mangwaro ko ya taɓa abarba zai ga lamba ta hau alhali jininsa na ƙasa. Tsinke kuma ba ya son zafi da laima, yawancinsu kar su wuce digiri 30. Yaro, kar ka bar gwangwanin a cikin pragya a zafin ranar watan Maris, kuma a rufe murfin da an ciro ɗaya.

Baba_Aboabo
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je na ga likita da littafina. Ya sauya min ƙaramar ƙwayar zuwa gliclazide, ya ce in sha da karin kumallo, ya rubuta gwajin ƙoda da na HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wajen wata uku. Na kuma gaya wa shugaban tafiyarmu halin da nake ciki da aljihun da sukarina yake. Ɗan Asawase, ban daina ba. Abin da ban warware ba shi ne lokaci. In na tsaya na karya na sha magani, ƙungiya ta tafi ta bar ni. In na fita ban sha ba ban ci ba, ban sani ba ko daidai ne.

Ticha_Yalwa
Baba, ni na bar na safe gaba ɗaya. Bayan tuwon dare nake zagaya unguwa minti ashirin, lokacin suga na sama, tafiyar ta sauko da shi. Ba faɗuwa, ba rana.

Striker_Aboabo2
Ticha, ga mai metformin kaɗai irinka ba laifi. Ga mai allurar yamma tafiyar dare ce ke kawo faɗuwar cikin barci. Mu masu allura da yawa mun fi samun natsuwa da motsin safe kafin allurar abinci, don lokacin insulin a jiki ya yi kaɗan.

Ticha_Yalwa
Minti ashirin a hankali ba wasan ƙwallo ba ne, Striker. Kuma Baba ba allura yake yi ba.

Hajiya_MaiWaakye
Ni dai a ganina ya sha rabin kofin koko da ƙosai biyu kafin asuba ta ƙarasa, ya fita da jama'arsa, ya dawo ya karya sosai ya sha maganin. Tafiya cikin mutane ta fi, ko ba komai in ya faɗi akwai mai ɗaga shi. Dare kuma ga kwatocin Aboabo ba murfi.

Sista_Tafo
Duka biyun ana yi. Jinkirta ƙwayar zuwa bayan dawowa abu ne da Baba zai tambayi likitansa, don ya danganta da irin gliclazide ɗin, akwai mai saki a hankali, da kuma ko yana shan ta yamma. Lambobin littafinsa ne za su raba gardamar. Baba, a sa takalmi rufaffe da safa, ba silifas ba, kuma a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu bayan an dawo.

Dan_Asawase
Takalmi, safa, sukari, mita, littafi, koko kafin asuba. Kawu, wannan ai shirin tafiya Tamale ne.

Yaro_Pragya
Ni tambayata ta tsinke har yanzu tana nan. Akwai masu mita irin tawa, Accu-Chek Active, da za mu haɗa kuɗi mu sayi gwangwani mai 50 mu raba? Ni kaɗai kafin in gama shi ya daɗe.

Sista_Tafo
Ku haɗa kuɗi ku sayi gwangwanaye da yawa a sauƙaƙa muku, amma kar ku raba na cikin gwangwani ɗaya a leda ko takarda. Murfinsa ne ke tsotse laima, in tsinke ya bar gidansa lambarsa ba abin yarda ba ce. Ku duba ranar lalacewa kafin ku biya.

Ummu_Sawaba
Ta Mamanmu OneTouch ce, tsinken Accu-Chek zai shiga?

Yaro_Pragya
Ba zai shiga ba Ummu, kowace da nata. Masu irin tawa su yi min magana ta gefe kafin Juma'a, zan shiga Adum.